Wuni Guda a Kan Dogon Masawa Zuwa Asmara

Gabatarwa

Tsakanin garin Masawa da ke bakin Bahar Maliya da birnin Asmara, hedikwatar ƙasar Eritiriya, akwai layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 118. Mai mota kan yanke wannan tazara cikin 'yan sa'o'i. Duk da haka, tun daga shekarar 2003 ake samun ayarin mutane daga Turai da wasu sassan duniya da ke biyan kuɗi mai yawa domin su yi wannan tafiya a cikin tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal, wanda kan ɗauke su da asuba ya sauke su bayan faɗuwar rana. Masu sha'awar jiragen ƙasa ne, mutanen da suka ɗauki tsofaffin jirage abin nazari da bege, kamar yadda wani kan ɗauki dawaki ko tsofaffin littattafai.

Abin da ke jawo su a fili yake. Jirgin yana tashi daga bakin teku, ya hau har tsayin mita 2,394 kafin ya ɗan gangara ya shiga Asmara, yana ratsa ramuka kusan 30 da aka huda cikin duwatsu, yana ƙetare gadoji masu yawa na dutse. Wannan maƙala za ta bi tafiyar tasha bayan tasha, domin kowace wahala da matafiyi zai sha a wunin tana da asali a tarihi. Wanda ya san wannan tarihi zai gane cewa abin da ya fi tsada a kan dogon shi ne ilimin mutanen da suka tashe shi bayan ya mutu.

Asuba a Masawa

Wahalar farko ita ce sammako. Jirgin kwal ba ya tashi da murɗa makulli. Tun cikin dare ma'aikata kan hura wuta a cikinsa, su jira sa'o'i kafin ruwan tukunya ya tafasa, tururi ya taru ya kai ƙarfin da zai juya ƙafafu. Matafiya kuwa dole su hallara kafin fitowar rana, saboda dalilai biyu: hasken safiya shi ne mafi kyau ga masu ɗaukar hoto, kuma Masawa na daga cikin garuruwa mafi zafi a duniya. A watannin bazara zafinta kan wuce digiri 40, ga gumi mai naso na bakin teku. Shi ya sa galibin ayarori kan zo tsakanin Nuwamba da Maris.

Garin da jirgin ke bari tsohuwar tashar jiragen ruwa ce. Turkawan Daular Usmaniyya sun kama ta a 1557, Masarawa suka karɓe ta a 1865, sannan Italiyawa suka sauka a cikinta a watan Fabrairu na 1885. Sunanta ba baƙo ba ne a tarihin aikin hajjin mutanen Afirka ta Yamma. Daga cikin alhazan ƙafa da suka ratsa Sudan, akwai waɗanda suka ƙetare Bahar Maliya daga Masawa maimakon Sawakin, wasu kuma suka zauna a yammacin Eritiriya, inda ake kiran zuriyarsu Takarir.

Dogali: dogon da yaƙi ya haifa

Da jirgi ya bar gari, sai ya shiga fili mai yashi da ƙaya, inda ba a ganin komai sai raƙuma da busassun koramu. Nan ne zafi ke fara gasa matafiya, kuma nan ne aka fara shimfiɗa dogon. A ranar 26 ga Janairu, 1887, dakarun Ras Alula, jarumin Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu, suka yi wa wata rundunar Italiyawa mai mutum kimanin 500 kwanton ɓauna a Dogali, suka kusan ƙarar da ita. Abin ya girgiza Italiya, har aka sa wa babban dandalin da ke gaban tashar jirgin ƙasa ta birnin Rum sunan waɗannan ɗari biyar.

Darasin da hafsoshin Italiya suka ɗauka shi ne cewa ba za su iya riƙe sansani a cikin wannan fili ba muddin alfadarai da raƙuma ne ke kai musu ruwa da harsashi. A wannan shekara aka soma aikin dogo a ƙarƙashin injiniya Emilio Olivieri, kuma a 1888 ya isa sansanin Saati, kimanin kilomita 27 daga Masawa. An zaɓi ƙaramin dogo mai faɗin milimita 950, irin wanda ake amfani da shi a wasu yankunan Italiya masu duwatsu, domin ya fi araha kuma ya fi iya shan kwana. Wannan zaɓi na 1887 shi ne dalilin da ya sa taragun suke da ƙunci har yau, mutum na zaune kan benci na katako gwiwarsa na gugar ta maƙwabcinsa.

A ranar 1 ga Janairu, 1890, Italiya ta ayyana yankin a matsayin mallakarta da sunan Eritiriya. Kayen da ta sha a hannun Sarki Menelik a Adwa a 1896 ya dakatar da burinta na cin Habasha, ya kuma rage wa aikin dogo sauri. Abin da ya sake tayar da shi shi ne mayar da hedikwata daga zafin Masawa zuwa sanyin Asmara a zamanin gwamna Ferdinando Martini. Hedikwata a kan tudu, tashar jiragen ruwa a ƙasa: tilas a haɗa su.

Ginda: inda dutse ya fara

Wajen tsakar rana jirgi kan isa Ginda, kilomita 69 daga Masawa, a tsayin mita 888. Dogo ya iso nan a 1904. Gari ne mai lambuna da itatuwan lemo, kuma nan ake daɗewa a tsaye, domin jirgi ya sha ruwa, a gyara wuta, a shafa mai a gaɓoɓinsa. Kawunan jiragen wannan layi suna ɗauke da ruwansu da kwal ɗinsu a jikinsu, ba sa jan wani tarago na guzuri, saboda haka ba sa yin nisa ba tare da tsayawa ba. Matafiyi mai gaggawa zai ƙosa. Ma'aikata kuwa sun san sannu ba ta hana zuwa.

Lissafin abin da ya rage shi ne ke nuna girman aikin. Daga Ginda zuwa ƙololuwa, jirgi zai hau kimanin mita 1,500 a cikin tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba. A wurare da dama dogon na tashi mita 35 a kowace mita 1,000. Injiniyoyin da suka tsara wannan yanki, ƙarƙashin Francesco Schupfer, ba su sa wa dogon haƙora a tsakiya ba kamar yadda aka yi a wasu layukan Suwizalan. Sun gwammace su tsawaita hanya: dogo ya bi gefen kwari, ya shiga rami, ya juyo ya fito a saman inda ya bari. Aikin ya ci shekara bakwai. An isa Nefasit a 1910, aka isa Asmara a watan Disamba na 1911, shekarar da dogo ya isa Kano.

Littattafai sun adana sunayen injiniyoyi da gwamnoni. Amma dubban lebura da suka fasa dutse da diga, suka ɗauki ƙasa a ka, suka jera duwatsun gadoji, yawancinsu 'yan ƙasa ne, kuma ba a rubuta sunayensu a jikin kowace gada ba.

Kan jirgi mai gaɓa

Abin da masu sha'awa ke zuwa gani musamman shi ne irin kan jirgin da ke jan su. Ana kiransa Mallet, da sunan injiniya Anatole Mallet ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya ƙirƙiro tsarin a shekarun 1880. Matsalar da ya warware ita ce: hawa na buƙatar jirgi mai ƙafafu da yawa, kwana mai tsanani kuma na buƙatar gajeren jirgi. Sai ya raba ƙafafun gida biyu. Rukunin baya na manne da jikin jirgi, rukunin gaba kuma na juyawa a kan gaɓa, yana bin kwana kamar wuyan raƙumi. Tururi ma sau biyu yake aiki: ya tura ƙafafun baya da cikakken ƙarfinsa, sannan ragowarsa ya wuce ya tura na gaba. Wannan na rage cin kwal da ruwa, abubuwa biyu masu tsada a ƙasar da ake shigo da kwal ta teku.

Mafi ƙarfi a cikin waɗanda suka rage kamfanin Ansaldo na birnin Jenowa ne ya ƙera su a 1938. Akwai kuma ƙanana na kamfanin Breda da ke aikin jera taragu a tasha, da wasu motocin dogo na kamfanin Fiat da ake kira Littorina, na shekarun 1930, masu kama da doguwar bas. Ƙasashen da ake iya ganin irin waɗannan kawuna suna hawan dutse a kan layin da aka ƙera su dominsa ba su da yawa a duniya, kuma wannan ne ya sa Eritiriya ta yi suna a wajen masu wannan sha'awa.

Hawan Nefasit da Arbaroba

Daga Ginda jirgi kan ratsa Embatkala ya isa Nefasit, a tsayin mita 1,672. A kan dutsen da ya yi wa garin rumfa akwai Debre Bizen, gidan sufayen Kirista da aka kafa a ƙarni na 14, wanda har yau ba a barin mace ta hau zuwa gare shi. Daga nan zuwa Asmara kilomita 25 ne kacal, amma su ne mafi wuya da mafi kyau, kuma a nan ne yawancin ramukan suke.

Rami ga jirgin kwal mai hawa azaba ce. Hayaƙi ba shi da mafita, sai ya cika taragu, ya shiga ido da maƙogwaro, toka mai zafi ta sauka a kan riga. Direba da mai zuba kwal su ne suka fi shan wuya, domin suna kusa da wuta. Da an fito sai ga kwari mai zurfi a gefe guda, dutse a tsaye a ɗaya gefen, garken gwaggon biri na kallo daga kan fa, gangare kuma cike da beles, wani tsiro mai ƙaya da yara ke sayar da 'ya'yansa a bakin hanya.

Masu ɗaukar hoto sun ƙara wa kansu wata wahalar. A wuraren da suka zaɓa, jirgi kan tsaya su sauka, su hau gangare da kayan aikinsu su jeru. Sai jirgi ya ja da baya har ya ɓace, ya taso da ƙarfi yana tunkuɗo hayaƙi, ya wuce ta gabansu, sannan ya tsaya ya jira su. Idan gajimare ya rufe rana a daidai lokacin, sai a sake. Ana iya yin haka sau da yawa a wuni, kuma kowane hawa a tsayin mita 2,000 yana cin numfashin mutumin da ya kwana a bakin teku. Wani abin kuma, watannin da baƙi ke zaɓa domin gudun zafin Masawa su ne watannin da gajimare ke tasowa daga teku ya kwanta a kan wannan gangare. Ayari na iya zuwa daga Turai, ya isa gadar da ya daɗe yana mafarki, ya tarar ba a ganin ko tsawon tarago ɗaya. Irin wannan jinkiri ne ke sa wasu ayarori raba tafiyar kwana biyu.

A kan taragun akwai wasu ma'aikata da ba kowa ke lura da su ba: masu birki. Kowanne na tsaye a wurinsa, hannunsa a kan abin murɗa birki, kunnensa ga kukan jirgi, domin da shi direba ke sanar da su lokacin ɗaurewa da lokacin sakewa. A gangare, ran duk wanda ke cikin jirgi na hannun waɗannan mutane.

Ganiya da faɗuwa

Bayan Asmara, Italiyawa sun ci gaba da dogon zuwa yamma: Keren a 1922, Agordat a 1928, Bisha a 1932. Ganiyar aikinsa ta zo ne da wani yaƙin. Lokacin da Mussolini ya shirya mamaye Habasha, harin da ya fara a ranar 3 ga Oktoba, 1935, sojoji da makamai sun yi ta kwarara ta Masawa, har jirage kusan 30 ke bin layin a kowace rana. Da dogon ya kasa ɗaukar kayan, sai aka kafa igiyar ƙarfe ta sama mai jan kwanduna daga Masawa zuwa Asmara, mai tsawon fiye da kilomita 70, wadda aka kammala a 1937, kuma babu irinta a tsawo a duniya a lokacin.

A waɗannan shekaru ne aka gina yawancin gine-ginen da suka sa UNESCO ta sanya Asmara cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. A cikinsu ne kuma aka kafa dokokin wariyar launin fata, aka raba unguwanni, aka taƙaita karatun ɗan ƙasa ga 'yan shekarun firamare. Amma jirgi ba ya tafiya sai da hannu. 'Yan ƙasa ne masu zuba kwal da masu birki da maƙera da masu gyaran dogo, kuma a cikin ma'aikatar gyaran jirage ta Asmara suka koyi abin da makaranta ta hana su.

A 1941, bayan gumurzun Keren, sojojin Birtaniya suka karɓe ƙasar. A zamaninsu aka tumɓuke dogon da ya wuce Agordat, aka kwance igiyar sama aka yi gaba da kayanta. A 1952 aka haɗa Eritiriya da Habasha a tsarin tarayya, a 1961 gwagwarmayar neman 'yanci da makami ta fara, a 1962 Sarki Haile Selassie ya rushe tarayyar ya haɗiye ƙasar. Dogo ya ci gaba da aiki cikin hare-hare da gasar manyan motoci, har aka rufe shi wajen 1975. Abin da ya biyo baya ya fi rufewa muni. Mayaƙan ɓangarori biyu sun ciccire ƙarafan dogo sun yi rufin ramukan yaƙi da su. Kawunan jirage suka zauna a rumfa suna tsatsa kusan shekara ashirin.

Da tsohuwar zuma ake magani

Mayaƙan neman 'yanci sun shiga Asmara a ranar 24 ga Mayu, 1991, kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1993 Eritiriya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. A 1994 sabuwar gwamnati ta yanke shawarar farfaɗo da dogon. Kamfanonin waje sun kawo tayi mai tsada, gwamnati ta ƙi, ta ce 'yan ƙasa za su yi aikin da abin da ke hannu. Aka yi shela ga tsofaffin ma'aikatan dogo, suka fito daga ritaya, da yawansu sun haura shekara 70, wasu sun koyi sana'ar tun zamanin Italiyawa. Aka bi tsofaffin fagagen yaƙi ana tono ƙarafa, ana miƙe waɗanda suka lanƙwashe. Matasa, cikinsu har da masu aikin bautar ƙasa, suka ba da ƙarfi, tsofaffi suka ba da sani.

Kamfanonin da suka ƙera jiragen sun daɗe da daina yin kayan gyaransu. Abin da ya lalace, sai a ciro daga wani mataccen jirgi, ko a ƙera sabo a ma'aikatar Asmara da injinan da Italiyawa suka bari. Yaƙin kan iyaka da Habasha, daga 1998 zuwa 2000, ya kawo tsaiko, amma a 2003 jirgi ya sake haɗa Masawa da Asmara. Tun kafin a kammala aikin, ƙasar ta sa hoton jirgi a kan gada a bayan takardar kuɗinta ta nakfa 10.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Dogon bai koma hanyar kasuwanci ba. Kaya na bin titi a manyan motoci, fasinja na bin bas, domin ƙaramin layi mai hawa irin wannan ba zai iya gasa da su ba. Abin da ya rage masa shi ne jiragen haya na baƙi, da ɗan gajeren zagaye daga Asmara zuwa Nefasit idan an sami isassun fasinjoji. Ambaliyar koramu kan yanke ɓangaren ƙasa, baƙo kuma na buƙatar takardar izini kafin ya fita daga Asmara. Akwai masu ganin cewa ƙasa matalauciya ta kashe ƙarfinta a kan abin tarihi. Akwai kuma masu cewa al'ummar da ta fito daga yaƙin shekara 30 tana buƙatar shaidar cewa za ta iya gina abu da hannunta, kuma dogon ya ba da wannan shaida.

Kammalawa

Bayan Arbaroba, a tsayin mita 2,064, jirgi kan bi bakin wani kwari mai ban tsoro, ya kai ƙololuwa, sannan ya saki numfashi ya gangara Asmara. Matafiyin da ya bar Masawa yana gumi kan sauka yana neman rigar sanyi, fuska baƙa da toka, ƙafafu sun yi tsami. Shi wuni guda ya yi, gobe zai huta a otal. Ma'aikata kuwa sai sun kwashe toka, sun duba gaɓoɓi, sun shirya wutar gobe kafin su nufi gida.

Gadoji da ramuka za su iya ƙara wani ƙarnin, domin dutse ne. Abin da ke cikin haɗari shi ne sanin yadda ake sauraron tukunya, da gane kwanar da ƙafa ke santsi idan gajimare ya jiƙa dogo, da ƙera abin da babu mai sayar da shi. Tsofaffin da suka amsa shelar 1994 sun kusan ƙarewa. Ko jirgi zai ci gaba da hawa daga Ginda zuwa Asmara ya dogara ne ga yawan abin da matasan da suka yi aiki tare da su suka riƙe, da kuma ko za a sami kwal da albashin da za su sa su zauna a kan aikin.